Baba Loko da Jar Motarsa a Hawan Kibo

Duk wanda ya daɗe a Kafanchan ya san jar motar nan mai ƙofa biyu, wadda cikinta ke neman shafar ƙasa, ya kuma san tsohon da ke jan ta. Sunansa Sylvester, amma Baba Loko ake ce masa, don shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran injin jirgin ƙasa a loko, wato garejin reluwe. Ubansa ne ya taso daga gabas ya kama aikin reluwe, shi kuwa a kwatas ɗin reluwe aka yanke masa cibiya. In kana son ka wuni kana shan faɗa, to ka kira shi baƙo.

Da ya yi ritaya, abokan aikinsa suka tattara suka koma gabas. Shi kuwa gogan naku ya kwashi kuɗin sallama ya sayo wannan mota 'yar Kwatano, irin ta masu tsere. Wai tsoho da motar samari! Matarsa Lucia ta yi sati ba ta ce masa uffan ba, daga baya kuma ita ke riga shi shiga ran Lahadi in za su coci. Shekara shida ke nan da Ubangiji ya kira ta.

Da damina ta kankama, sai 'yarsa Oby ta dira daga Enugu, inda take aikin nas. Ba gaisuwa kaɗai ta kawo ta ba. Ta gyara masa ɗaki a gidanta, har ta samo wanda zai sayi motar.

"Papa, kai kaɗai a gidan nan, in ka faɗi wa zai ɗaga ka? Motar ma ta gaji. Jiya da muka je Zonkwa, mai babur ɗauke da buhun citta ya wuce mu."

Maganar nan ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Da rana ta take, motar sai ta yi lakwas, ya taka totur ta yi ta nishi ba gudu.

"Ba gajiya ba ce, numfashi ne ya ƙare mata," in ji shi. "Ki ba ni sati ɗaya. In ba ta haye Hawan Kibo ba tare da ta tsaya ba, ki sayar da ita, ni ma ki sa ni a jaka ki tafi da ni. In ta haye, ki bar ni a garina."

Oby ta yarda nan take, don ta san hawan. Manyan motoci ma a can suke barin ransu.

Baba Loko ya san ciwon motarsa. Bututun da ke kai wa injin iska ya tsage, injin na zuƙar zafin da shi kansa ke fitarwa. Ya nufi shagon Azariya mai kayan mota, da ɗan abin da fansho ya bari a aljihu. Azariya ya fara fito masa da wata guntuwar matatar iska mai kan mazurari, ja, tana ƙyalli.

"Baba, wannan ita yara suke saye. In ka taka, har Godogodo za a ji ka."

"Ni kuka na zo saye? A cikin bonet za ta zauna, gefen injin, tana shan tururi. Kai in ka yi gudu ka gaji, a madafa kake hutawa?"

Azariya ya yi dariya, ya jawo wani dogon bututun ƙarfe cikin kwali, sabo fil, kuɗinsa ya kai na akuya huɗu. Shi wannan, in ji shi, har bayan bamba yake sauka, can ƙasa inda iska ke da sanyi. Baba Loko ya juya shi, ya shafa, har ransa ya biya, ba a raba tsohon makaniki da son ƙarfe mai kyau. Sai ya tuna kududdufan hanyar gidansa.

"Wanda ya ƙera wannan bai taɓa ganin watan Agusta a Kafanchan ba. Mota mai ja da ciki, ka kai mata hanci ƙasa? Kududdufi ɗaya za ta kurɓa, injin ya tashi aiki. Mayar da abinka."

Da kansa ya kutsa bayan shagon, cikin tarkacen kayan gwanjo, ya tono wani baƙin akwatin roba mai matata a ciki da kakkauran tiyo, mummuna, ba mai kallonsa sau biyu. Azariya ya ce kunya ma ba za ta bar shi ya tsawwala kuɗi ba. Kwana uku tsohon ya yi a gindin mangwaronsa. Ya sa sabuwar matata, ya bi da tiyon ta sama ya kai bakinsa bayan ragar gaba, kusa da fitila, inda iskar waje ke bugowa ruwa kuma ba ya kaiwa. Ya yanko fallen ƙarfe ya kare shi daga zafin injin. Oby na kawo masa abinci tana girgiza kai, shi ko kallo ba ta ishe shi ba.

Ran Asabar da hantsi suka kama hanya. Da suka iso gindin hawan, ya sauke giya ya taka. Kai, jama'a! Motar ta ɗauka kamar an tsikare ta, ta wuce tanka, ta wuce bas, ba nishi ba tari. Baba Loko na dukan sitiyari yana ihu, "Wa ya ce ta gaji?" Oby ma ta manta da wane ɓangare take, tana ta dariya.

Ana gab da ƙarshen hawan, wata tirela ta lalace a bayan kwana. An jera ganye a kan titi tun daga nesa, yadda direbobi ke yi don gargaɗi. Baba Loko ya bi ta kan ganyen bai rage gudu ba.

"Papa! Tirela!"

Ya kauce da ƙyar, madubin gefe ya daki ƙarfe ya tarwatse. Bai tsaya ba sai da suka kai sama, sannan ya gangara gefe ya kashe mota.

"Ba ka ga ganyen ba?"

Tsoro ya kama shi, kunya kuma ta fi tsoron.

"Ban gani ba. Shekara guda ke nan idon hagu na yi mini hazo. Ban gaya wa kowa ba."

Oby ta fashe da kuka. Ta buɗe baki za ta kawo maganar Enugu, ya ɗaga mata hannu. Ya zare makulli, ya fito a hankali, ya zagayo ta ƙofarta ya danƙa mata.

"Daga yau na bar tuƙi, ba sai kin roƙe ni ba. Likitan ido ma zan gani. Amma a kan mota muka yi alkawari, mota kuma ta haye. Juya kanta ki kai ni gida."

Ta share hawaye ta dube shi. "Wane gidan, Papa?"

"Guda nawa gare ni?"