Baffa Hadi da Tirannos

Kun dai san Baffa Hadi: da la'asar yana gindin dabino a unguwar Ƙuba ta birnin Manzon Allah, shayi na hucewa, ido rabi a rufe, yana ta maimaita "tirannos, tirannos" kamar mai lallashin jariri.

Wani malamin makaranta da ya zo Umara ne ya jawo mana. Shi ya gaya masa kalmar Turawa ta azzalumin sarki, tayirant, daga "tirannos" ta Yunanawa ta fito, su ma aro suka yi, wai daga wata tsohuwar ƙasa Lidiya, inda Turkawa suke yanzu. Kuma da fari ba zagi ba ce, sunan duk wanda ya hau mulkin da bai gada ba ne. Halinsu ne ya ɓata sunan.

Shi ke nan Baffa ya tafi! Lidiyar da bai taɓa gani ba sai ya riƙa ba mu labarin kogunanta.

"Baffa, ka je ne?"

"Ya waladi, wa zai ba ni labarin da ya fi nawa daɗi?"

Wata rana kyanwa ta ƙwace masa matashin kai, ya koma kan tabarma. "Ku bar ta, yanzu ta hau. Sai mun ga halinta."

Da mahaifinmu ya rasu, riƙonmu ya dawo hannun Baffa, ƙaninsa, har da shimfiɗar buɗa-bakin da gidanmu ke yi wa jama'a a Harami, masallacin Annabi, duk azumi. Nan tsoro ya kama shi na gaske. Ya ce wannan wuri na 'ya'yan yayansa ne, shi hawa kawai ya yi.

Don haka ba ya ba da umarni, sai shawara. Dabino uku za a sa wa kowa ko biyar? Sai ya tambayi kowa, har autarmu mai shan yatsa. Ranar nan har ana kiran magariba yana ta shawara, burodi na cikin leda. Wani tsoho Baturke ya ƙwace ya raba da kansa.

Baffa ya bi shi da kallo, ya raɗa mini: "Ka gani? Daga wajensu abin ya faro."

Haka ya riƙe mu har muka yi aure, bai taɓa ɗaga mana murya ba. A ciwonsa na ƙarshe ya kama hannuna.

"Gaya mini gaskiya. Na zalunce ku?"

"Baffa, ai mu muka zalunce ka."

Ya yi murmushi, ya lumshe ido. "Alhamdu lillahi."

Wallahi ina kewarsa. Allah Ya haskaka kabarinsa a Baƙi'a, Ya tausaya masa kamar yadda ya tausaya wa marayu.