Taken Yunusa Kurma

A Kwaya idan ka ce Bawa, sai a tambaye ka wane Bawan. Amma idan ka ce Bawa mai ganga, ko baƙon da ya kwana biyu a garin zai nuna maka gidan. Gajere ne kakkaura, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka saboda igiyar ganga da take rataye a kanta tun yana saurayi. Da damina manomi ne kamar kowa, gero da gyaɗa, kuma ba wani gwanin noma ba ne, kada a yi masa ƙarya. Sai an kai damman gero rumbu, 'yan kokawa sun fara ɗaura layu, sannan ake ganin ainihin Bawa. Daga nan matarsa Uwani takan ce ta ba fili aron miji sai wata damina.

Wurin ubansa ya gaji gangar, kuma aikinsa take ne. Kowane ɗan kokawa da ya isa yana da takensa, ɗan guntun kiɗa da aka ƙaga dominsa shi kaɗai, ganga tana faɗin kirarinsa. Da an buga, ko yana bayan gari sai tsikar jikinsa ta tashi. Bawa ya yi wa manya take, ya yi wa 'ya'yansu, daga Kwaya har ƙauyukan Dungas.

Yana da ra'ayi a kan kome, kuma ba ya jiran a tambaye shi. Samarin da ke cika rumfar kallon ƙwallo suna ɗaga jijiyar wuya a kan 'yan wasan Turai, tausayi suke ba shi. "Ƙattai na bin fata guda, ba kiɗa ba kirari," in ji shi. "Ku kuma kuna nan kuna kashe murya, wanda kuke yi dominsa bai san da garinku a duniya ba." Waƙoƙin salula ma ba su tsira ba. Yakan ce waƙar da ba ta san sunan mai saurarenta ba, hayaniya ce kawai. Abin dariyar shi ne, washegarin kowane babban wasa Bawa ya san wanda ya ci. Idan aka tambaye shi ta yaya, sai ya ce wucewa yake yi. Ƙarshen kowace gardama kuwa magana ɗaya ce, yana buga ƙirji: "Ni babu ɗan kokawar da gangata ba ta tayar ba."

Wannan magana ce ta ja masa. Wata ranar kasuwar Mallawa ya faɗe ta a gaban Halilu, makaɗin garin, wanda suka daɗe suna tsokanar juna.

Halilu ya ce, "Babu, Bawa? To ɗan ƙanwarka fa? Yana kayar da maza, amma shiru yake shiga fili kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Kawunsa kuma sarkin ganga!"

Aka kwashe da dariya. Bawa ya juya ya kama hanyar gida.

Yunusa ɗan Hassana ne, ƙanwar Bawa. Sanƙarau ya tafi da jinsa yana ƙarami, bayan ya fara magana, don haka har yanzu yana iya furta 'yan kalmomi da kakkaurar murya. Ya tashi ƙaƙƙarfa, mai dogayen hannuwa, kuma kokawa ta karɓe shi. Sai dai idan abokan karawarsa suna taka rawa ana zuba musu kirari, shi a gefe yake tsayawa yana kallon ƙasa har alƙalin wasa ya yafito shi. Bawa ya sha ganin haka, bai taɓa kawo kome a ransa ba. Wa zai yi wa kurma kiɗa? Ranar ce ya fara jin kunyar abin, kunya mai nauyi, wadda ta raka shi a kan moto har ƙofar gida.

Uwani ta ajiye masa tuwo ya ƙi taɓawa. Da ta matsa, ya ba ta labari, ya ƙare da cewa, "To ya zan yi? Ba ya ji."

Ta ce, "Malam, wa ya ce maka ba ya ji? Bara da kunama ta harbe shi a gona, ya ji ko bai ji ba? Yunwa fa, da kunne kake jinta? Ci tuwonka kafin ya huce."

Ita ta faɗa ta koma wurin murhu. Shi kuwa ya zauna da lomar a hannu yana juya kalmar. Duk tsawon rayuwarsa yana cewa na ji zafi, na ji daɗi, na ji sanyi, bai taɓa lura cewa kunne ba shi kaɗai ke da wannan kalma ba.

Washegari da hantsi ya ja Yunusa gindin gawon da ke bayan gonarsa. Ya sa ya tuɓe riga, ya jingina bakin gangar a ƙirjinsa, ya ɗaga gula ya buga. Yunusa ya zabura ya ja baya. Ya dubi gangar, ya dubi kawunsa, sannan ya dawo da kansa ya rungume ta. Bawa ya buga abin da ya ƙaga masa, a hankali: Ba ka jin kira, ba ka ja da baya. Ya maimaita, ya sake maimaitawa. Can sai ya ga dugadugin Yunusa yana ɗagawa yana sauka daidai da bugun. Bawa ya kau da kai don kada a ga idonsa.

Haka suka yi ta yi har lokacin babbar kokawar kaka a Magariya, inda 'yan kokawa ke zuwa daga ko'ina, har daga ƙetaren iyaka. Nan aka sami cikas. Masu shirya wasan sun keɓe wa makaɗa rumfa can gefe, suka ce babu gangar da za ta matso bakin fili. Bawa ya yi bayani, ya yi roƙo, ya yi faɗa, aka ce doka ce. Ya koma rumfa kusa da Halilu, zuciyarsa tana tafasa. Idan Yunusa ya shiga shiru yau ma, a gaban wannan taro, to duk abin da suka yi a gindin gawo wasa ne.

Aka haɗa Yunusa da Sirajo, wani ƙato daga Mallawa. Halilu ya buga taken Sirajo, Sirajo ya yi rawarsa, fili ya ɗauka. Aka yafito Yunusa. Ya shigo ya tsaya yana waige-waige, yana neman kawunsa.

Bawa ya haye kan benci. Ya ɗaga gula sama da kansa yadda bai taɓa yi ba, har sai da idonsu ya haɗu, sannan ya sauke ta. Yunusa ya bi hannun da kallo. Sai ya ɗaga tafinsa ya buga ƙirjinsa, daidai inda gangar take zama. Ya sake bugawa. Ƙafarsa ta ɗauka, kafaɗunsa suka ɗauka, ya shiga zagaya fili yana taka takensa kamar wanda aka haifa da shi. Mutanen Kwaya suka miƙe suna buga nasu ƙirazan tare da shi, abin ya bi layi har wajen waɗanda ba su san ko wane ne ba. Halilu ya saki baki, sannan ya gyara gangarsa ya shiga amsa wa Bawa ba tare da an roƙe shi ba.

Karawar ba ta daɗe ba. Yunusa ya shige ƙarƙashin Sirajo, ya ɗauke ƙafarsa, ya zaunar da shi a kan rairayi.

Ya ratso jama'a jikinsa duk gumi da ƙasa, ya zo ya durƙusa gaban Bawa. Kowa yana jiran godiya. Yunusa ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ce da muryar nan tasa mai kauri, "Kawu, ka tsallake ɗaya."

Gaskiya ne kuwa. A zagaye na biyu, lokacin da hankalinsa ya tafi kan rawar Yunusa, hannun Bawa ya tsallake bugu guda. Ga makaɗa cike da rumfa, ga dubban masu kunne lafiyayyu, babu wanda ya kama. Bawa ya kama hannun Yunusa ya ɗaga sama, hawaye na bin gemunsa, ya juya wajen Halilu.

"Ka ji ko? Ya ce na yi kuskure!"