Dawata a Magudanar Ruwa

Ni ba mai fita ba ce, amma daga tsakar gida nakan gane motar da ta wuce ta bayan katangarmu, har in faɗi ko da kaya take ko babu. Taraktar da yayana yake tuƙa wa wani Alhaji na Bici kuwa, tun daga nesa nake shaida ta, saboda sarƙar da ke tsakaninta da tirelar da take ja tana wani kacau-kacau kamar an zubo cokula a kwano.

Shi da bakinsa ya bayyana mana amfaninta, lokacin da yake sabon direba, yana ji da kansa. Ya ce doka ba ta yarda a ja tirela da ƙusa kaɗai ba. Sai an zura ƙusar mai kauri, an kulle ta daga ƙasa don kada ta yi tsalle ta fita, sannan a ɗaura sarƙa, in ƙusa ta fita ita ta riƙe. Ya ce ma'aikatan hanya suna dubawa, wanda ba shi da ita a kama shi.

To, a shekarun nan na tsadar abinci, da mutane suka koma tuƙa dusa, maigidana ya tafi ci-rani kudu, gonar gandu ba ta yi abin kirki ba. Gayaunata ce ta yi, wato 'yar gonar da aka yankar mini can wajen Bagwai. Dawar da ta bayar ita ce abincina da yarana har wata kakar. Maƙwabta suka yanke, suka ɗaure dammuna. Na so a kwaso da jakuna kaɗan-kaɗan, Yaya ya ce haba, yana raye ƙanwarsa za ta yi jigila da jaki?

Ranar kwasar, da hantsi ya shigo shan fura kafin ya wuce gonar. Na ji isowarsa, amma ban ji sarƙa ba, sai wani ɗan ƙaras-ƙaras mara nauyi. Na ce, "Yaya, yau taraktarka ba ta yi mini sallama ba. Ina sarƙar?"

Ya yi dariya, ya ce kunnen nan nawa zai kai ni gidan yari. "Tana nan, uwar bincike. Kawo furar."

Na kawo, har na ƙara masa nono.

Bayan azahar labari ya iso. A hawan da ke gaban kwalbatin magudanar noman rani ƙusar ta yi tsalle, tirela ta koma da baya, ta kife cikin ruwa. Allah ya tsare, babu kowa a kai. Dammunan suka kwance, ruwa ya tafi da zangarniyar. Abin da aka tsamo daga taɓo muka shanya, rabi ya yi funfuna.

Matar maƙwabcinmu, wadda mijinta ya taya tsamowa, ita ta gaya mini abin da aka gani. Guntuwar tsohuwar sarƙa ce a rataye, ba ta ɗaure da komai, an dai sa ta ne don ma'aikata su hango daga nesa. Ta ainihin kuwa tana wuyan bijimin da Yaya yake kiwo, don ya cika tsinke igiya. Makullin ƙusar ma ya ɓace tuntuni, da waya ya naɗe ta.

Kashegari Inna, mahaifiyarmu, ta zo ta zauna a bakin gadona. Ta ce in maganar ta kai kunnen Alhaji zai karɓe taraktar, to gida biyu ke nan babu abinci. Idan mai unguwa ya aiko tambaya, in ce sarƙa ce ta tsinke, ƙaddara ce. Yaya yana zaure, bai shigo ba.

Na ce, "Inna, na fa tambaye shi."

Ta ce ta sani, in yi haƙuri. Da aka aiko, na faɗi yadda ta ce.

Dawar da ta tsira ba ta kai mu bazara ba. Yaya bai taɓa ɗaga zancen ba, gaisuwa dai muna yi. Da yaran suka fara kwana da ruwan kanzo, na sauke tukunyar irin da na ajiye tun bara, na surfa, na kai niƙa. Ruwan shuka ya sauka ba ni da ƙwaya ɗaya, gayaunar sai maƙwabci na bai wa aro ya zuba gyaɗa.