Goggo da Riga Mai Fuska Biyu

A gidanmu, duk wanda ya zo da tambayar wa ya haifi wa, wurina ake turo shi, saboda tun ina sakandare nake raɓar manya ina sauraro. Cikin duk waɗanda na saurara, babu wadda nake son ba da labarinta kamar Goggo, yayar babana, tela.

Ƙasarmu kamfanoni ne ke mulkinta: Kamfanin Ruwa, Kamfanin Wuta, Kamfanin Hatsi, kowanne da unguwarsa, da katangarsa, da launin rigarsa. Masu kamfanonin suna can ƙololuwar dogayen benaye, inda aka ce har lambu da tafkin wanka gare su. Mu kuwa na ƙasa, da muke aikin ruwan, sai an busa jiniya muke jera bokitai a famfo. Ɗakin da kake kwana na kamfani ne, rigar jikinka ma tasa ce. Mu shuɗi muke sawa. Wanda duk aka kama da launin da ba nasa ba, ranar zai rasa aiki da ɗaki gaba ɗaya.

Goggo ta shiga zauren ɗinkin kamfani tana budurwa, ta fito da furfura. Hannun riga kawai take haɗawa, safe da yamma, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Cewa take yi babu wanda ya taɓa ɗaga hannu ya gaisa a unguwar nan ba da taimakonta ba. Da ta yi ritaya aka bar mata tsohon keken ƙafa. Ta kafa shi gindin taga, kusa da gwangwanin da ta shuka na'ana'a, tana yi wa maƙwabta faci, tana shan shayi, tana tsokanar duk wanda ya wuce.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Shekarun baya kamfaninmu ya sayar wa Kamfanin Wuta sashen injinan tura ruwa, aka haɗa da ma'aikatan ciki. Haka Baffa, ƙanen babana kuma autan Kaka, ya wayi gari cikin rawaya, a wata unguwa. Mu mukan gan shi a kasuwar tsakiya, inda kowane launi ke da izinin shiga. Kaka kuwa ƙafa ta daina kai ta ko bakin layi.

Wata rana Kaka ta ce, “Hoto nake so, ni da 'ya'yana duka a wuri ɗaya. Ba na son wanda ake liƙa mutum a gefe.”

“To Inna, katangar fa?” in ji babana.

“Ni na gina ta?”

Ranar kasuwa Goggo ta karɓo tsohuwar rigar Baffa, ta kwance wata tsohuwa ta babana, ta haɗa su baya da baya. Waje rawaya, in an juya shuɗi, maɓalli ta kowace fuska. Da ta kai masa ita kasuwa, Baffa ya daɗe yana juya ta a hannu.

“Yaya, in aka kama ni fa? Yara na da ɗakin nan kaɗai.”

“In ba za ka iya ba, ka faɗa, ba wanda zai zarge ka,” ta ce. “Amma Inna ba ƙuruciya take ƙarawa ba.”

Ranar hutu da safe ni da Goggo muka je tarbarsa. Ya shiga bayan shagon mai guga da rawaya, ya fito da shuɗi, gumi har ya jiƙa masa wuya. Goggo ta koya masa komai a hanya: ya rage sauri, ya daina waige, ya riƙe gorar ruwa kamar kowa. Abu ɗaya ta manta. A ƙofarmu gora ake buɗewa a nuna wa mai gadi. A ƙofar Kamfanin Wuta kuwa hannu biyu ake ɗagawa a laluba mutum, saboda masu satar waya. Jikin Baffa ya riga ya saba. Yana isa gaban mai gadi ya ɗaga hannuwa sama, bakin rigar ya ɗage, rawaya ta leƙo.

Mai gadin, wani dattijo mai tsinken sakace a baki, ya dubi bakin rigar, ya dubi layin mutanen da ke bayanmu, sannan ya matso ya tare Baffa da jikinsa.

“Malam, sauke hannunka, hammatarka ba ta burge kowa ba. Buɗe gora.”

Baffa ya buɗe. Mai gadin ya leƙa ciki kamar mai neman wani abu, ya ce ƙasa-ƙasa, “Goggo, wannan ta yi gajarta. In kin ƙara mata tsawo, a yi mini guda, shuɗi da kore. Tsohuwata tana unguwar Hatsi.”

“Kai da wannan tumbin? Sai dai ka kawo riguna uku.”

Ya yi dariya ya ɗaga mana sanda.

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta shafa fuskar Baffa ta ce ya rame, alhali ƙiba ya yi. Aka saki labule, maƙwabcinmu mai hoto ya gyara kyamararsa. Sai Kaka ta ce Baffa ya juya rigarsa, ita da rawayarsa take son ganinsa, tunda a cikinta yake ciyar da jikokinta.

Hoton yana wurina yanzu. Kaka a tsakiya, babana a dama, Goggo ta dafa kafaɗar Baffa da tef ɗin awo rataye a wuyanta. Baffa ya ƙifta ido daidai lokacin da aka ɗauka. Mai hoto ya ce a sake, Kaka ta ce a bar shi haka, tun yana jariri barci ya fi iyawa.