Hotunan Manoman Damri

Shekarar da aka ba ni sakataren ƙungiyar manoman rani, aka ce ba wanda zai samu taki sai an ɗora hotonsa a shafin rajista. Kwana uku na yi bisa babur, Damri, Bakura, har Maradun, ina tsayar da dattawa jikin bango ina ɗaukarsu da wayata. Kullum in na dawo sai in kwashe hotunan cikin filas na kwamfuta. Na gama ranar Laraba, shafin kuwa Juma'a da la'asar za a rufe shi.

Hoton farko da na ɗora, shafin ya ƙi karɓa, wai ya yi nauyi. Na biyu ma haka. Sun fi ɗari biyu, in na ce ɗaya-ɗaya zan rage su, sai wata Juma'ar.

Na nufi shagon ƙanwata da ke buga takardu kusa da sakatariyar Mafara. Ta sauke wata manhaja ta kyauta, ta ce, "Yaya, zaɓe su duka, ka rubuta faɗi da tsawo, ita za ta yi sauran." Jama'a suka taru mata, ta bar ni.

Na rubuta lambobin, manhajar ta yi wata tambaya da Turanci, na amsa ban karanta ba. Da na buɗe hotunan, sai ga ɓarna. Kowace fuska ta baje kamar an taka ta. Na asalin kuma babu su, sababbin sun hau kansu.

"Ai suna cikin wayarka," in ji ta.

Na duba wayar. Na Damri na goge su tuntuni, don in samu wurin na Maradun.

Ta gyara sauran da kanta, ni ko Alhamis da safe na koma Damri. Gona-gona na bi su. Wani dattijo ya fito daga cikin shinkafa, ƙafafunsa duk taɓo, ya ce, "Malam, ba ran Litinin ka ɗauke ni ba? Mi ya faru?"

"Ni na ɓata shi, Baba."

Ya gyara hularsa ya tsaya.

Bayan an sauko Juma'a muka shiga ɗorawa, sabis na ɗaukewa yana dawowa, idona na kan agogo. Mutum biyu na Damri ban samu na sake ɗauka ba, sun yi tafiya. Da suka dawo, da ƙafata na je na faɗa musu ba su shiga rajistar ba.