Zane Uku a Bayan Gilashi

Mailafiya, mai gyaran waya a Ƙofar Wambai, abokina ne tun muna yara a Dukawuya. Ni sunana Ilu, rini nake yi a Ƙofar Mata, kuma ba na musu, ina da zargi. Ko ruwan sha aka miƙo min sai na leƙa kofin.

Shi da gyaran rediyo ya fara, ya koma agogo, da waya ta zo ya bi ta. Shekara ashirin yana kan benci ɗaya, da tabarau ɗaure da zare, da gwangwanin madara cike da ƙananan sukurori. Ya tsani wayoyin da ake liƙewa da gam. Ya ce in batir ya mutu sai an gasa bayansu kafin su buɗe, wani lokacin gilashin ya tashi aiki a hannunka.

Shi ya sa ni sayen wata mai kauri kamar sabulun wanki, irin tasa, wadda ake kwancewa guntu-guntu.

"Ilu, wannan za ta daɗe," in ji shi. "Abin da ya lalace shi kaɗai za a canja. Amma ka kiyaye ta da ruwa, don ba a liƙe take ba."

Na ce a raina, to fa! Mai gyara ne ke zaɓa min wayar da ke buɗuwa cikin sauƙi? Wa bai san abin da ake faɗa a kan masu gyara ba, ka kai waya da kayanta na asali, a dawo maka da ita da na jabu? Mu a marina kowane yadi sai mun yi masa alama a gefe don kada na wani ya shiga na wani. Saboda haka da na je gida na kwance ta, na ɗauki allura, na yi zane uku a bayan batir, da sifika, da gilashi.

Wata takwas lafiya lau. Rannan da hantsi na sunkuya zan tsamo shadda, sai na ji tsulum. Wayata a cikin ramin baba, ruwan shunin da muke rini da shi! Da ƙyar na lalubo ta, ta yi shuɗi. A cikinta ne masu kaya ke turo min hoton launin da suke so, ga biki ya matso, yadi arba'in na jirana. Na ruga wurin Mailafiya hannuna na ɗiga.

Bai ce min ai na gaya maka ba. Ya juya ta kawai, ya ce, "Jibi."

Jibi ta kawo wuta tar, kamar ba ta taɓa ganin ruwa ba. Maimakon in yi murna sai zargina ya motsa. Ina isa gida na kwance ta. Batir da alamata. Sifika da alamata. Bayan gilashi kuwa sumul, babu ko ƙwarzane.

Wallahi ban san lokacin da na iso Ƙofar Wambai ba. Ana fitowa daga la'asar, layin cike da mutane.

"Mailafiya! Har ni? Ina gilashina? Ni za ka yi wa irin halinku?"

Masu shaguna suka taru. Wani tela ya riƙe min riga na fizge. Mailafiya ya cire tabarau, ya dube ni. Sannan ya jawo aljihun teburinsa, ya fito da tasa wayar, fuskarta baƙa ƙirin. Ya kwance sukurori shida ba gaggawa, ya ɗaga gilashin ya juya min bayansa. Ga zanena uku, shuni ya cika su.

"Naka ya mutu," ya ce. "Irinsa sai an aiko daga waje, wata guda ko fiye. Na ga biki na gabanka, na sa maka nawa. Ni ina da ƙarama mai madanni."

Na fara cewa ai ban sani ba.

"Alamar na gan ta tun shekaranjiya da na buɗe," ya ce. "Na yi shiru ne."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na ba shi haƙuri a gaban jama'a, na sake bin sa gida da magariba. Ya ce komai ya wuce, kuma gilashinsa na kan wayata har yau.

Watan jiya wurin cajinta ya lalace na kai masa. Da can sai ya karɓa ya ce in je in dawo. Wannan karon ya goge min benci, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera guntayen ɗaya bayan ɗaya, kowanne bayansa a sama.

"Zauna ka gani da idonka, Malam Ilu," ya ce.

Shekara hamsin muna tare, bai taɓa ce min Malam ba sai ranar.