Tantin da Aka Auna a Tsaye

Shagon Tela taga ɗaya gare shi, kuma ta nan ake hango kogi, tsakanin bangon maƙwabci da wata bishiya. Abin da ake gani bai wuce faɗin yadi ba. Tun yana saurayi ya ajiye keken ɗinkinsa a gindin tagar, har gemu ya yi fari, ruwa na wucewa shi yana zaune.

Mutum ne marar surutu. In ka kawo ɗinki zai ce ka dawo jibi, kuma jibin Tela kowa ya san tsawonta. Amma ba ya cin yadin mutane, bai kuma taɓa sakin riga ba kalmasa ba. A wurinsa, duk abin da ba a naɗe bakinsa an bi da zare ba, ba a gama shi ba.

Sai ido ya fara rauni. Da zare ya daina shiga allura, ya ce masu yin allura ne suka fara rowar rami. Da ya ɗinka wa wani aljihu a gadon baya, matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya haska, ya ce jijiya ce take mutuwa, hasken zai yi ta ja da baya har ya ɗauke. Tela ya tambaya ko hasken zai kai bayan damina. Likita ya ce ba ya alkawari. Tela ya ce gara haka, shi ma ya san abin da ake kira alkawari.

A gida ya shaida wa matarsa cewa zai bi kogin nan a kan keken hawa, ya ga inda ya ƙare tun idon yana gani.

"Ka shiga mota mana, Malam," in ji ta.

"Mota ba ta bin gaɓa."

"To in ka ga ƙarshen nasa, ka yi me da shi?"

"Na gani ke nan."

Tsoro ya kama ta ƙwarai, amma ta san mijinta, in ya kafe sai dai a gyara masa hanya. Ya sayi tsohon keke, ya samo tamfol, ya ce tanti kuwa ba zai saya ba yana tela. Ya miƙa mata tef, ya miƙe tsaye ya ware hannuwa, ta auna kafaɗa da tsawo.

"Ai a kwance za ka kwana," ta ce. "Kwanta in auna ka."

"Abu ɗaya ake auna wa mutum a kwance, uwar yara, kuma ban kai nan ba."

Haka tantin ya fito dogo siriri, da aljihu biyu a ciki da kalmasa mai kyau. Mutum zai iya tsayawa a cikinsa ya sa hula. In ya kwanta kuwa, daga gwiwa zuwa ƙasa yana waje.

Tela ya kama hanya, kogi na hannun hagu, domin idon hagu ne mai dama-dama. Ƙafafun da suka tsufa a kan taka keken ɗinki ba su ba shi kunya ba. Su ne dai suka sha wuya: raɓa ta jiƙa su, sauro ya yi biki a kansu, masu zuwa ɗibar ruwa da sassafe sukan gaishe su su wuce. Inda ya yada zango yakan ɗaura wa mutane maɓalli da lalube, su kawo masa abinci. Matarsa takan kira a waya ta tambayi abin da ya gani yau, ya ce ruwa.

Abin da bai gaya mata ba shi ne, gaɓar tsallake ta fara ɓace masa. Ya yi wa kututture sallama, ya faɗa rami da keke. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sa wasu jira, yanzu shi ke tashi kafin rana ta yi zafi yana sauri.

Wata rana da hantsi hanya ta ƙare a cikin yashi. Ya sauka ya tura keken har ruwa ya taɓa taya, ya ɗaga kai. Fari kawai ya gani. Ya murza ido, ya rufe na dama ya sake dubawa, abin bai sake ba. Baƙin ciki ya zaunar da shi a kan yashin.

Wani masunci da ke gyaran koma a gefe ya ce, "Baba, lafiya?"

"Na makara. Ƙarshen kogi na zo gani, ido ya riga ni tafiya."

"Me kake gani?"

"Ba gaɓa, ba baki. Ban san inda ruwa ya tsaya sama ta fara ba."

Masuncin ya duba, ya koma kan komarsa. "Ai ni ma abin da nake gani ke nan, kuma idona ƙalau. Yawancin safiya haka yake tashi."

Tela ya daɗe yana kallo, har ruwa ya ci bakin wandonsa. Sannan ya lalubo waya.

"Ka gani, Malam?" in ji matarsa.

"Na gani."

"Yaya yake?"

"Ba a gama shi ba. Ko kalmasa babu."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya jira ta natsu.

"Ki nemo tef ki ajiye," ya ce. "In na dawo zan kwanta ki auna ni. Ƙafafun nan sun gaji da kwana a waje."